Na hana rauta zubar da fakiti amma netwok ya ƙara lalacewa, me ke faruwa?

MaiWifi_Dorayi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah masana netwok ku taimaka da bayani. Ina da ɗan wifi da nake sayar wa mutanen unguwa da bauca, layin da nake saya mega 20 ne a saukewa, mega 5 a ɗorawa. In ka yi gwajin gudu da asuba tsaf yake kawo 20 ɗin, ba ƙorafi. Amma da an yi magariba yara sun fara ɗora bidiyo a status da TikTok shi kenan, kiran WhatsApp ya dinga tsinkewa, shafi ya yi ta juyi kafin ya buɗe. Da na leƙa cikin rauta, wato na'urar da ke raba intanet ɗin, sai na ga wurin layin jira yana nuna ana ta zubar da fakiti, ƙananan ƙunshin da data ke tafiya a ciki, lambar sai hawa take. A sanina ɓacewar fakiti ita ce babbar cutar netwok, don haka na ƙara girman layin daga fakiti 50 zuwa 1000. Yanzu zubarwar ta ragu sosai amma wlh abin ya fi da muni, ping, wato lokacin zuwan saƙo da dawowarsa, yana haura sakan 2. To in ba a zubar da komai kuma megan suna nan, ina datar take maƙalewa?

Oga_Mikro:
Wa alaikumus salam. Mayar da shi 50 ɗin yanzu yanzu tukuna, sai mu yi magana.

Bakatsine_Net:
Ba sai ka wahalar da kanka ba malam, masu ba ka layin ne. Layin mutum ɗaya suke sayar wa mutum goma, da yamma kowa ya hau sai ya cushe. Ka canja su kawai.

Injiniya_Zazzau:
@MaiWifi_Dorayi ɗan'uwa lissafi ne zai ba ka amsa, ɗauki biro. Cikakken fakiti baiti 1500 ne, wato bit 12,000. Fakiti 1000 sun zama bit miliyan 12 kenan. Layinka na ɗorawa bit miliyan 5 yake iya fitarwa a sakan ɗaya. Raba 12 da 5, ka samu 2.4. Ga sakan biyun da kake gani a ping nan, ba daga ko'ina suka zo ba, cikin rautarka suke. Lokacin da yake 50, ko layin ya cika maƙil jiran bai wuce milisakan 120 ba.

Ka ɗauka wurin niƙa ne. Inji ɗaya ne kuma gudunsa ɗaya, ko ka faɗaɗa rumfa ta ɗauki buhu dubu ba zai ƙara sauri ba, abin da zai faru kawai yarinyar da aka aiko da kwano ɗaya na gero ta tsaya bayan buhunan masara har dare. Muryar mai kiran WhatsApp da tambayar DNS (neman adireshin shafi) ta mai buɗe shafi su ne yarinyar nan, ƙanana ne amma ba sa iya jira.

Kuma akwai wani abu da mutane ke mantawa: mai saukewa ma yana ɗorawa. Duk fakitin da ya iso maka sai wayarka ta mayar da ɗan saƙon ACK ta ce na karɓa, ƙaro. ACK ɗin nan ta layin ɗorawar da ya cushe zai bi. In ya yi sakan 2 a layi, saba, kwamfutar da ke turo maka datar, tana can zaune tana jira, mega 20 ɗinka na saukewa suna nan a buɗe ba mai amfani da su.

Dalibin_Kwamfuta:
Malam @Injiniya_Zazzau na gane lissafin, amma abin da ban gane ba shi ne me ya sa layin yake cika tun farko? Ai wayar yaron da ke ɗora bidiyon ya kamata ta san layin mega 5 ne ta tura daidai da haka.

Injiniya_Zazzau:
Ƙanena ai ba ta sani ba, kuma ba wanda ke gaya mata. Wayar abin da take gani wifi ne mai gudun mega 50 ko 100 tsakaninta da rauta. TCP, tsarin da ke kula da tura data a intanet, lalube yake yi, ya tura kaɗan, in ACK ya dawo ya ƙara, ya sake ƙarawa, haka zai yi ta hawa har sai fakiti ya ɓace. Ɓacewar nan ita ce saƙon da ke ce masa ka kai iyaka, sassauta. Tsohon tsari na Reno rabi yake yankewa, CUBIC da Linux ke amfani da shi tun 2006 yana komawa kashi 70 cikin ɗari, daga nan ya sake hawa. To da ka ba shi wurin fakiti 1000 ba hana shi cikawa ka yi ba, jinkirta saƙon ka yi. Zai cika dubun tukuna kafin ya ji an ce tsaya, kuma muddin bidiyon bai gama ɗoruwa ba layin a cike zai zauna. Wannan shi ne abin da Jim Gettys ya sa wa suna bufferbloat wajen 2010, bayan ya ga irin wannan jinkirin a layin gidansa a Amurka. Memori ta yi arha, masu ƙera modem suka dinga zuba manyan bafa, wato wurin layin jira, suna ganin alheri suke yi.

Baban_Khalifa:
Tsaya tsaya Injiniya, kar mu ruɗa yara su ɗauka ɓacewar fakiti abin so ne. Ni na ga layin rediyo na mega 30 da ɓacewar kashi 2 kacal ta mayar da shi abin tausayi, fayil ɗaya ba ya sauka da ko mega 1. Babu cunkoso, ba kowa a kai, tsakar dare ne ma. To wannan ina alherinsa?

TsohonVSAT:
Baban Khalifa gaskiyarka, Injiniya ma gaskiyarsa, ɓacewar ce iri biyu. Akwai wadda rauta ta zubar da gangan saboda layi ya cika, wannan magana ce take yi wa mai turawa kuma maganar gaskiya ce. Akwai kuma wadda iska ta ci, eriya ta karkace, kebul ya sha ruwa, ko wani ya hau tashar da kake kai. Ita wannan ƙarya take yi wa TCP, tana ce masa layi ya cika alhali fayau yake, shi kuma bai iya bambancewa sai ya rage gudu a banza.

Akwai lissafin da Mathis da abokan aikinsa suka fitar a 1997, mu da muka yi aikin setilayit kusan haddace shi muka yi. Iyakar gudun haɗi ɗaya na TCP shi ne girman datar fakiti a raba da lokacin zuwa da dawowa, sannan a ninka da 1.22 a raba da tushen murabba'in kason ɓacewa. Bari in sa lambobi. Data baiti 1460, zuwa da dawowa mu ce milisakan 150 zuwa wata saba a Turai. In ɓacewa kashi 1 ce cikin ɗari, ba za ka wuce kusan mega 0.95 ba, ko layinka mega 100 ne. In ɗaya ce cikin dubu, kusan mega 3. In ɗaya cikin dubu goma, mega 9.5. Ka ga abin da ya samu layinka kenan. A setilayit na da wanda ke can sama kilomita 35,786, zuwa da dawowa kusan milisakan 600 ne, kashi 1 ɗin nan sai ya bar ka da abin da bai kai kilobit 250 ba. Shi ya sa muke sa na'urorin da ke yaudarar TCP su amsa ACK tun daga ƙasa.

Lissafin na Reno ne, CUBIC ya ɗan fi shi juriya a doguwar hanya, amma yanayin abin bai canja ba: nisa da ɓacewa in suka haɗu su ke kashe gudu.

Baban_Khalifa:
Yawwa Baba, abin da nake nufi kenan. Nagode.

Hajiyar_POS:
Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni ba injiniya ba ce. Shagona yana kan irin wifin nan na unguwa kuma da shi nake haɗa na'urar POS saboda sabis ɗin waya ba shi da ƙarfi a lungunmu. Abin da ke ɗaure min kai, yarana suna kallon bidiyo a kan wifin lafiya lau ba ya tsayawa, amma na'ura ta yi ta juyi har ta ce lokaci ya ƙare, ga mutum tsaye an cire masa kuɗi ni ban ga komai ba. Ina ce bidiyo ya fi cin data? Me ya sa shi yake tafiya ita ba ta tafiya?

Injiniya_Zazzau:
Hajiya tambayarki ita ce zuciyar maganar. Bidiyo yana tara na gaba ya ajiye, in an yi jinkirin sakan 2 ba za ki gani ba don yana da na ci a hannu. Ita na'urar POS datarta ba ta taka kara ta karya ba, amma sai ta yi gaisuwa da saba sau da yawa kafin ta faɗi abin da ya kawo ta: ta nemi adireshi, ta buɗe haɗi, su yi musayar mabuɗan tsaro, sannan ta tura ciniki ta jira amsa. Kowane zuwa da dawowa sai ya bi layin nan. In kowanne ya ci sakan 2, kafin a gama lokacin da aka ɗiba mata ya ƙare. Wani lokacin matsalar daga can ɓangaren banki ne, amma in kin lura da yamma ta fi yi lokacin da unguwa ta hau wifi, to layin jira ne.

Hajiyar_POS:
Wallahi da yamma ne, daga la'asar sakaliya zuwa isha'i. Allah ya saka da alheri.

Dan_FreeFire:
Mu masu gem mun daɗe da sanin wannan ko ba mu san sunansa ba. Ba ruwana da mega nawa ne, ka ba ni mega 2 da ping milisakan 60 da ba ya motsi ya fi min mega 50 da ke tsalle daga 60 zuwa 900. Da ƙanwata ta fara tura hotunan biki a gida shi kenan an kashe ni.

Oga_Mikro:
Toh @MaiWifi_Dorayi ga abin yi. In rautar MikroTik kake da ita ka ɗaga manhajarta zuwa RouterOS 7, a ciki akwai dabarun tsara layin jira masu suna fq-codel da cake. In kuma manhajar OpenWrt ce a kan rautar ka sa SQM, mai kula da layin jira, ka zaɓi cake. Abu mafi muhimmanci: kar ka rubuta 20 da 5. Rubuta kamar 18 da 4.5. Dalili, layin jira yana taruwa ne a wurin da ya fi ƙunci. In ka bar shi 20 cif, ƙuncin yana cikin na'urar masu ba ka layi, can ba ka da iko, bafarsu ce za ta kumbura. In ka rage kaɗan ka jawo ƙuncin cikin rautarka, nan kai ke da ta cewa a kan wa zai wuce wa zai jira.

Ka duba CPU kuma, ƙananan rautocin nan in ka ɗora musu cake a layi mai girma suna shaƙewa, amma mega 20 ba komai ba ne.

Bakatsine_Net:
Wato ya biya kuɗin 20 ya zubar da 2 da hannunsa? Ni wannan bai kwanta min ba gaskiya. A wata nawa ne kuɗin mega 2?

Oga_Mikro:
Malam yanzu da bai zubar ba nawa yake mora da yamma? Kwastoma ba lambar gwajin gudu yake saye ba, kira yake so ya yi a ji shi. Shi gwajin ma haɗi da yawa yake buɗewa lokaci ɗaya zuwa saba mafi kusa, an gina shi ne don ya cika layi ya nuna babbar lamba. A je fast.com a danna ƙarin bayani, akwai jinkiri lokacin da layi ke zaune da jinkiri lokacin da yake ɗauke da kaya, tazarar da ke tsakanin biyun nan ita za a duba.

Dalibin_Kwamfuta:
Ni ma ina da irin damuwar Bakatsine amma ta wani gefen. A ɗorawa na yarda, fakitin bai hau layi ba tukuna. Amma a saukewa fa? Fakitin ya riga ya tsallako layin mai tsada ya iso gida, sannan rauta ta zubar da shi a bakin ƙofa, a sake turo shi. Wannan ba asara biyu ba ce?

Injiniya_Zazzau:
Asara ce ƙanena, ba a musu, kuma ka yi tunani mai kyau. Amma duba girmanta. Fakiti ɗaya da aka zubar da wuri yana sa mai turawa ya rage gudu kafin ɗaruruwa su taru a can sama. In ba ka yi ba, bafar can za ta cika ta zubar da na bayan layi gaba ɗaya a jere, daga haɗin mutane da yawa lokaci guda, duk su ja baya tare layi ya zauna wayam, duk su dawo tare ya sake cika. Kuma in fakiti da yawa suka ɓace a jere har babu ACK ɗin da zai tona ɓatan, TCP sai ya jira agogonsa ya buga, a Linux mafi ƙarancinsa milisakan 200 ne, sannan ya faro daga ƙasa. Ɗaya tilo kuwa ACK uku masu maimaita kansu sun isa a sake turo shi ba tare da an tsaya ba.

Abin da ya kamata a ƙirga shi ne datar da ta isa hannun mai ita sau ɗaya kuma a kan lokaci, ba yawan bit da suka ratsa waya ba. Layi zai iya nuna a cike yake ɗari bisa ɗari alhali maimaici ne ya cika shi. An taɓa gani ƙuru-ƙuru a Oktoba 1986, tsakanin ɗakin binciken Lawrence Berkeley da jami'ar California da ke Berkeley, wurare biyu da tazararsu yadi 400 ce, gudu ya faɗo daga kilobit 32 zuwa bit 40 a sakan. Ba waya ce ta tsinke ba, kwamfutoci ne ke ta sake tura abin da yake kan hanya bai ɓace ba. Daga nan Van Jacobson ya fito da gyaran TCP na 1988 wanda har yau a kansa ake.

TsohonVSAT:
Kuma shi Jacobson ɗin ne dai tare da Sally Floyd suka kawo RED a 1993, mai fara zubarwa kaɗan kaɗan kafin layi ya cika. Tunanin daidai ne amma saita shi ya gagari mutane, sai ka ba shi lambobi da yawa kuma in gudun layi ya canja sun tashi aiki. Yawancinmu a kashe muka bar shi.

Injiniya_Zazzau:
Haka ne Baba. Shi ya sa CoDel da Kathleen Nichols da Jacobson suka fitar a 2012 ya canja tambayar gaba ɗaya. Bai damu da fakiti nawa ne a layi ba, abin da yake aunawa kowane fakiti ya daɗe nawa a tsaye. In jiran ya zauna sama da milisakan 5 har tsawon milisakan 100 bai sauko ba, ya san wannan ba tururuwar wucewa ba ce, layi ne ya kafu, sai ya zubar da ɗaya. In ba a ji ba ya ƙara matso da na gaba. Shi kuma fq_codel ya ƙara da raba layin gida 1024, kowane haɗi da nasa, ana zagayawa ana ɗiba, wanda bai tara komai ba kamar muryar kira ko na'urar Hajiya shi ake fara sallama. Tun Linux 3.5 yake ciki, cake kuma ya shigo a 4.19 a 2018.

Ummu_Hanan:
Ina koyar da yara karatu ta kiran bidiyo, kuma abin da na lura ba katsewa ce ta fi damuna ba, jinkirin ne. In yi tambaya, shiru, in sake magana sai muryar yaron ta shigo mu yi karo. Gara a ce harafi ɗaya ya faɗi in ce maimaita.

TsohonVSAT:
Malama abin da kunnenki ya gaya miki shi hukumar sadarwa ta duniya ITU ta rubuta a ƙa'idarta ta G.114, jinkirin tafiya ɗaya in ya wuce milisakan 150 hira ta fara lalacewa. A murya fakitin da ya makara da wanda ya ɓace duk ɗaya ne, ba a sake turo shi, manhaja ce ke cike gurbin da ƙiyasi.

Bakatsine_Net:
Duk na ji, amma har yanzu ina kan bakana cewa wani cunkoson ba a gidanka yake ba. Ku tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka samu matsala ta wajen Kodebuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Wace cake ce za ta cece ka ranar?

Oga_Mikro:
Babu, wannan gaskiya ne. Ranar duk kaya ya koma kan sauran hanyoyin da suka rage, layin jiran yana can inda hannunka bai kai ba, ga hanya ta ƙara tsawo, lissafin Baba ya hau kan kowa. Cake tana gyara ƙuncin da ke hannunka ne kawai. Amma na MaiWifi a hannunsa yake, shi da kansa ya ce da ya taɓa lambar ping ya canja.

MaiWifi_Dorayi:
Na dawo da rahoto. Na sa cake, 18 da 4.5 kamar yadda Oga ya ce. Na bar ping yana tafiya na ɗora babban bidiyo da gangan, da can yana tashi sama da milisakan 2000, yanzu tsakanin 40 da 60 yake yawo. Lambar zubarwa tana motsi amma a hankali. Kira ya gyaru sosai Alhamdulillah. Saura abu biyu. Akwai wani mai saukar da finafinai da manhajar IDM, da ya hau sai sauran su ce gudu ya ragu. Sannan mutanen da ke kan eriyar bayan makaranta har yanzu suna kuka, su ko da rana ma.

Oga_Mikro:
Na farko mai sauƙi ne. IDM yana buɗe haɗi 8 ko ma 32 a fayil ɗaya, in ana rabo bisa haɗi shi kaɗai ya kwashi kason mutum 32. Ka sa cake ta yi rabo bisa na'ura, dual-dsthost a saukewa, dual-srchost a ɗorawa, ka kunna nat don ta ga adireshin cikin gida. Masu tsohon RouterOS da PCQ suke wannan rabon, yana yi, sai dai bai da dabarar rage jira irin ta CoDel.

Baban_Khalifa:
Na biyun kuma irin nawa ne, ba layin jira ba ne. Hau ka duba eriyar. Ka ga ƙarfin sigina da CCQ, ma'aunin ingancin haɗin rediyo, ka duba ko iskar damina ta juya ta, ka buɗe kan kebul ɗin ka gani ko ya yi kore. Ni nawa da na buɗe ruwa ne kwance cikin kan RJ45, fil biyu sun yi tsatsa, fot ɗin yana ta ƙirga kurakuran CRC, alamar fakiti na lalacewa a hanya. Sabon kai na matsa na naɗe da tef mai hana ruwa, magana ta ƙare. Kuma ka sani wifi yana sake turawa da kansa a ƙasa kafin TCP ya sani, don haka wani lokaci ba za ka ga ɓacewa a ping ba sai dai lokacin iska ya ƙare a maimaici, mutum ɗaya mai raunin sigina ya janyo kowa ƙasa.

Dalibin_Kwamfuta:
Na gwada mtr daga nan, manhajar da ke jera rautocin da fakiti ke ratsawa a hanya, a tsalle na 4, wato rauta ta huɗu, yana nuna ɓacewa kashi 40! Amma intanet ɗina lafiya yake. Yaya haka?

Injiniya_Zazzau:
Duba layin ƙarshe. In na ƙarshe sifili ne to ba abin da ya ɓace. Manyan rautoci suna taƙaita amsa wa irin wannan tambayar don aikinsu wuce da kaya ne, ba hira da kai ba. Ɓacewar gaske tana farawa a wani tsalle ta bi duk na bayansa har ƙarshe. Mutane da yawa sun yi rigima da masu ba su layi a kan wannan lambar a banza.

DanMaradi_227:
Salamu alaikum jama'a, ina biye da ku daga Maraɗi. Mu nan yawanci ba mu da layi tsayayye, modem ɗin 4G ne, rezo da safe ya ba ka 25 da dare ya koma 3. To wace lamba zan rubuta ma cake? In na sa 22 da dare ba ta aikin komi, in na sa 3 na cuci kaina da safe.

Oga_Mikro:
Wannan ita ce mai wuyar ɗan'uwa. A OpenWrt akwai cake-autorate, yana auna ping a kai a kai, in ya ga jinkiri ya fara hawa ya rage lambar, in ya lafa ya ƙara. Ba ya kai na layi tsayayye kyau amma ya fi babu nesa ba kusa ba. Masu Starlink ma suna amfani da shi don nasu gudun ma hawa da sauka yake.

Dan_FreeFire:
Na ji ana cewa BBR ya magance duk wannan, a kunna shi kawai a huta. Gaskiya ne?

Injiniya_Zazzau:
BBR tsarin daidaita gudun turawa ne irin su CUBIC, na Google, 2016, kuma YouTube na cikin inda suka fara sa shi. Shi ba ya jiran fakiti ya ɓace, yana auna gudun da ACK ke dawowa da mafi ƙarancin lokacin zuwa da dawowa ya tura daidai da haka, don haka ɓacewar iska ta kashi 1 ba ta durƙusar da shi kamar CUBIC. Amma a wurin mai turawa ake kunna shi. Kai mai saukewa ba abin da za ka danna a wayarka. Kuma na farkon an yi ƙorafin yana danne masu CUBIC in bafa ƙarama ce, yana kuma yawan sake turawa, shi ya sa suka yi ta fitar da gyararru. Akwai kuma ECN tun 2001, maimakon rauta ta zubar sai ta yi wa fakitin alama ta bar shi ya wuce, mai karɓa ya sanar da mai turawa. Cake da fq_codel duk suna yi in ɓangarorin biyu sun yarda da shi.

TsohonVSAT:
Ni dai ina da ja a kan BBR. In kowa ya daina jin maganar zubarwa, ranar da ma'auninsa ya kuskure me zai tsayar da shi? Na fi natsuwa da a gyara layin jira a rauta, ko wane irin mai turawa ya zo a iya masa.

Injiniya_Zazzau:
Baba ai ba kishiyoyi ba ne, amma na yarda rabon layi bisa haɗi shi ke kare mai ladabi daga marar ladabi. Inda na saɓa da kai, mu da sabobinmu ke nesa kuma ƙarshen hanyarmu iska ce, mai turawa da ba ya firgita da ɓacewar ƙarya ba ƙaramin taimako ba ne gare mu.

Hajiyar_POS:
Tambaya ta ƙarshe dan Allah. Fakitin nan da ake zubarwa a sake turowa, a cikin datata ake cirewa? Ko shi ya sa data ba ta daɗewa?

Oga_Mikro:
Hajiya in ya wuce wurin da suke ƙirge kafin ya ɓace, eh an ƙirga shi, na biyun ma a ƙirga. Amma ɓacewar kashi 1 ƙarin kusan kashi 1 ne kawai, ba ita ke cinye miki data ba. Kan fakiti ma ya fi ta ci, cikin baiti 1500 guda 40 na adireshi da lissafin TCP ne. Masu cin data bidiyo ne da sabunta manhajoji. Ɓacewa lokaci take ci.

Bakatsine_Net:
@Oga_Mikro to ni a layin faiba na sa kashi 95 kuma ping bai motsa ba, me ya sa za a ce wa MaiWifi 90? Ya gwada 19 mana ya gani.

Oga_Mikro:
Ya gwada, ba aya ba ce. Ya dinga hawa da rabin mega yana kallon ping da magariba, inda ya fara tsalle ya koma baya taki ɗaya. Amma nasa ta rediyo yake zuwa ba faiba ba, ina shakkar 19 za ta riƙe in hadari ya taso.

DanMaradi_227:
Oga wannan autorate ɗin, rauta mai memori megabaiti 128 za ta ɗauke shi ko sai na nemi babba? Kuma ping ɗin da yake yi dare da rana nawa yake ci cikin forfe ɗina, wato datar da na saya?